Ko ƙauna kaɗai ta isa riƙon ɗan wani?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci mutane Ya sassaɓa launukansu da harsunansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, wanda ya tashi maraya kuma ya zama gatan marayu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ranar 25 ga watan Oktoba na shekarar 2007, jami'an tsaro a garin Abeshe da ke gabashin Cadi suka tare wata tawaga tana shirin shigar da yara 103 cikin jirgin sama zuwa Faransa. Yaran ƙanana ne, babbansu bai wuce shekara goma ba. An naɗa wa wasu bandeji alhali lafiyarsu lau, don a ce majinyata ne za a kai asibiti. Masu ɗauke da su ƴan wata ƙungiyar agaji ce ta Faransa mai suna Arche de Zoé, kuma abin da suka faɗa shi ne marayun yaƙin Darfur ne suka ceto daga mutuwa. Da ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da na Red Cross suka zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya, sai ta bayyana mafi yawansu ƴan ƙauyukan Cadi ne na bakin iyaka, kuma suna da uwa ko uba a raye. Iyayen sun ba da ƴaƴansu ne bisa alkawarin za a sa su makaranta nan cikin ƙasarsu. Kotu a Injamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani a watan Disamba, aka mai da su Faransa, sannan shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008.

Na kotu ya wuce. Waɗanda suka fi cancanta a tsaya a kansu su ne wasu mutane da ba a kama ba, kuma ba su yi wa kowa ƙarya ba: iyalan da suka taru a filin jirgin Vatry na Faransa suna jiran saukar yaran. Sun ba da kuɗinsu, sun shirya wurin kwana, zukatansu cike da tausayi. Da jirgin ya sauka, da kowannensu ya rungumi yaro ya kai shi gida, ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, ya so shi iyakar so. Da kuma a wani ƙauye kusa da Adire wata uwa ta tsufa tana kallon hanya. To, shin mutum yana iya cutar da yaro da hannun da yake shafa kansa? Idan yana iyawa, mene ne yaron yake bin mai riƙonsa bayan ci da sha da ƙauna, musamman idan launin fatarsu ba ɗaya ba ne?

Kafin a shiga amsa, sai an bambanta abu biyu da sukan rikice wa mai sauraro a ƙasar Hausa. Riƙon da aka sani a Maraɗi ko Damagaram shi ne gwaggo ko kaka ko kishiyar uwa ta ɗauki yaro ta raine shi, har ta aurar da shi, amma yaron ya san gidan ubansa, da sunan uban ake kiransa, ranar salla ana kai shi gaisuwa. Abin da dokokin Turai da Amurka suka tsara daban ne. A Faransa akwai nau'i biyu. Ɗaya yana barin nasabar farko ya ƙara ta biyu a kanta. Ɗayan kuwa, wanda aka fi bi da yaran da aka kwaso daga waje, yana yanke nasabar farko gaba ɗaya: a rubuta sabuwar takardar haihuwa da sunan masu riƙo kamar su suka haife shi, kuma ba a warwarewa. A jihohin Amurka da dama haka ake yi, har a rufe takardar asali ta yadda mai ita ba ya ganinta ko ya girma sai da izinin kotu. Idan yaro da masu riƙonsa launinsu ɗaya, wannan takarda tana iya rufe sirri shekara da shekaru. Idan kuwa yaron baƙi ne su farare, takardar na faɗin abu ɗaya, madubi na faɗin wani, kuma duk wanda suka gamu da shi a kasuwa madubin yake gaskatawa.

An daɗe ana jayayya a kan wannan a Amurka, kuma jayayya ce da kowane ɓangare ke riƙe da wani yanki na gaskiya. A ƙarshen shekarun 1960 fararen iyalai suka fara ɗaukar yara baƙaƙe da yawa, har adadin ya haura 2,500 a shekarar 1971 kaɗai. A 1972 ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan kula da walwalar jama'a ta ƙasar ta fitar da sanarwa mai zafi tana adawa da hakan. Hujjarta ita ce yaro baƙi zai rayu a ƙasar da ake auna mutum da launinsa, kuma dabarun zama a irin wannan ƙasa gado ne da baƙaƙen iyaye ke miƙa wa ƴaƴansu, wanda bai taɓa ɗanɗanar wariya ba ba shi da abin da zai miƙa. Ta kuma yi ƙorafin cewa hukumomi ba sa neman baƙaƙen iyalai da gaske, suna gindaya sharuɗɗan kuɗi da na muhalli da ke kore su tun daga ƙofa. Bayan sanarwar adadin ya faɗi ƙwarai.

Amma yaran ba su daina shigowa hannun hukuma ba. Har yanzu baƙaƙe kusan kashi 14 cikin ɗari ne na yaran Amurka, alhali sun haura kashi 20 na waɗanda ke hannun hukuma, kuma sun fi daɗewa suna jira, ana ta yawo da su daga wannan gida zuwa wancan. Sai masu ɗaya ra'ayin suka ce: wane adalci ne a bar yaro ya girma ba uwa ba uba don kawai gidan da ya buɗe masa ƙofa na farare ne? Majalisar dokoki ta bi wannan ra'ayi, ta yi doka a 1994, ta tsaurara ta a 1996, ta haramta wa hukumomin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya su hana ko su jinkirta ba da yaro saboda launi ko asali. Masu wannan ra'ayi sun kafa hujja da binciken Rita Simon da Howard Altstein, waɗanda suka bi sawun iyalai kimanin 200 tsawon shekara 20, suka ga mafi yawan yaran sun girma lafiya kuma suna son masu riƙonsu. Wani abin lura shi ne ƙasar ba ta bi wannan hanya da ƴaƴan ƴan asalinta na farko ba: dokar 1978 ta fifita dangi da ƙabila wajen riƙon ƴaƴansu, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da ita a 2023. Wato ƙasa ɗaya ta yarda asali hakki ne ga wani yaro, ta ce a rufe ido daga gare shi ga wani.

Wanda ya duba da idon basira zai ga ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Na biyu suna amsa ko yaro zai rayu ya yi karatu ya sami aiki, kuma amsarsu gaskiya ce. Na farko suna tambayar abin da zai ɗauka a zuciyarsa yana rayuwar, kuma wannan ba ya fitowa a sakamakon jarrabawa. Da yaran nan suka girma suka fara magana da bakinsu, sai aka ji abin da ma'aunin bai kama ba. Amandine Gay, baƙar mace da aka haifa a Faransa a 1984 ba tare da an rubuta sunan mahaifiyarta ba, fararen iyali suka raine ta, ta fitar da fim a 2021 inda manyan da aka ɗauko suna ƙanana daga ƙasashe daban-daban ke ba da labarinsu da kansu. Abin da irin waɗannan muryoyi ke yawan maimaitawa ba ƙarar yunwa ko duka ba ce. Mutum ne ke cewa an so shi, amma ya girma shi kaɗai da wani ciwo da ba wanda ya san sunansa a gidan.

Akwai wata magana da masu riƙo kan faɗa da kyakkyawar niyya: su ba sa ganin launi, ɗa ɗa ne. A kunne tana da daɗi, har tana kama da maganar salihai. Amma ai launin ba aibi ba ne da za a ce an kau da kai daga gare shi don kunya. Sassaɓawar launuka tana cikin ayoyin da Allah Ya kafa hujja da su a kan ikonSa a Suratur Rum, kuma aya ana kallonta ne a yi tasbihi. Wanda ya ce wa yaro ba ya ganin baƙinsa ya koya masa, ba da saninsa ba, cewa baƙin abu ne da ake yafewa. Ban da haka, idan uwa ba ta gani, malamin makaranta na gani, mai gadin kanti na gani, ɗan sanda na gani. Yaro ya dawo gida an kira shi da mummunan suna, ya faɗa, a ce masa kada ya damu, ba da nufi aka yi ba. Sau biyu, sau uku, sai ya daina faɗa, don ya lura maganar na sa uwar baƙin ciki, shi kuma ba ya son ya ɓata mata rai. Daga nan ya zama shi ke rainon zuciyar wadda ta ɗauko shi don ta raini tasa.

Hakkin yakan fara ne daga ƙananan abubuwa da ba a zato. Gashin yarinya baƙa ba a wanke shi kullum kamar na Baturiya, yana son mai da taza mai faɗin haƙora da kitso, fatarta na son man kaɗanya musamman a ƙasar sanyi, abin da kowace yarinya ƴar shekara goma ta sani a Tawa. Uwar riƙon da ba ta sani ba takan gaji ta aske kan, yarinya ta tafi makaranta ana yi mata dariya. Shi ya sa a Amurka da Faransa ake da azuzuwan koyar da kitso ga fararen iyaye, da ƙungiyoyin manyan da aka riƙa suna ƙanana masu ba sababbin iyalai shawara. Shawarar tasu kuwa ba ta tsaya ga gashi ba. Sukan ce a duba unguwar da ake zaune: idan yaron shi kaɗai ne baƙi a ajinsa da layinsu da wurin ibadarsu, to a yi tunanin tashi, don ya fi sauƙi babba ya sha baƙunta a sabuwar unguwa da a bar yaro ya sha ta duk ƙuruciyarsa. A nema masa likita da malami da wanzami masu kama da shi, ya ga manya irinsa a wuraren daraja. Iyayen su kasance suna da abokai baƙaƙe na gaskiya, masu shiga gida su ci abinci, kada ɗansu ya zama baƙin mutum na farko da ya taɓa zama a teburinsu. Idan namiji ne ya fara tsawo, a zaunar da shi a yi masa maganar da baƙaƙen iyaye a Amurka ke yi wa ƴaƴansu game da yadda ake tsayuwa da inda ake ajiye hannu idan ɗan sanda ya tsai da mutum, domin rigar mutuncin da farin uba ke lulluɓa masa idan suna tare ba ta binsa idan ya fita shi kaɗai. A kuma adana kowace takarda da hoto da sunan ƙauye da sunan wanda ya miƙa shi, a faɗa masa labarinsa tun yana ƙarami daidai da hankalinsa, kada ya tsince shi a bakin wani.

Mai karatu musulmi ba baƙo ba ne ga wannan mas'ala, don ta faru a gidan da ya fi kowane gida. Sayyidina Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya ƙara masa yarda, ɗan ƙabilar Kalbu ne, aka sace shi yana yaro aka sayar a kasuwar Ukaza, ya faɗo hannun Sayyada Khadija, ta ba da shi ga Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam. Mahaifinsa bai daina nema ba har ya ji labarinsa a Makka, ya zo shi da ɗan'uwansa da kuɗin fansa. A dubi abin da aka yi a nan. Ba a ɓoye yaron ba, ba a ce wa uban ya yi kuskuren gida ba, ba a karɓi ko dirhami ba. Aka kira Zaidu, ya gane mahaifinsa da baffansa, aka ba shi zaɓi. Ya zaɓi zama, kuma uban ya koma da sanyin zuciya don ya ga inda ɗansa yake da idonsa. Shekaru ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu bisa al'adar Larabawa, har ayoyin farkon Suratul Ahzabi suka sauka da umarnin a jingina ƴaƴan riƙo ga ubanninsu na asali, idan ba a san ubannin ba to ƴan'uwa ne a addini. Babu sunan da ya kai wanda aka cire wa Zaidu daraja a bayan ƙasa, amma aka cire, aka mai da shi ga wani Balaraben ƙauye mai suna Harisa, don shi ne gaskiya. Ƙaunar kuwa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba, kuma shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani.

Har launin ma ya shigo cikin labarin. Zaidu fari ne, ɗansa Usama kuwa baƙi ne ƙwarai, mahaifiyarsa Ummu Aimana ce mutuniyar Habasha, wadda ta raini Annabi (S.A.W) da kansa yana ƙarami. Masu baki suka riƙa sukar nasabar Usama saboda launinsa. Wata rana wani masanin kamannin jini daga Banu Mudlij ya ga uban da ɗan a kwance sun rufe kawunansu, ƙafafu kawai a waje, ya shaida cewa ƙafafun nan tsatso ɗaya ne. Sayyada A'isha ta ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya shigo mata fuskarsa na walƙiya don farin cikin wannan shaida. Bai ɗauki gorin da ake yi wa yaron a matsayin ƙaramin abu ba. Ya dame shi har kawar da shi ta sa shi murna a fili. Shi ne kuma yake ɗora Usama a cinya ɗaya, jikansa Hasan a ɗayar, ya haɗa su ya yi musu addu'a, daga baya ya naɗa shi shugaban runduna yana saurayi, da aka yi gunaguni ya tsaya ya kare shi a bainar jama'a.

Malaman tarbiyya sun daɗe suna gargaɗi cewa nafs ba ta cika zuwa wa mai son alheri da rigar saɓo ba, da rigar alherin take zuwa. A wannan babi rigarta ita ce son a zama mai ceto. Alamunta ba su ɓuya. Hoton yaro a Facebook da labarin yunwar da aka tsamo shi daga ciki, alhali labarin sirrinsa ne ba na mai riƙo ba. Jin daɗi idan baƙo ya ce yaron nan ya yi sa'a. Ɓacin rai ranar da ya ce yana son ya nemi mahaifiyarsa, har a kira shi butulu. Gori bayan kyauta yana ɓata ladanta, kuma babu gori mai nauyi kamar a sa mutum ya yi ta godiya a kan abin da ya same shi ta hanyar rashi, domin kowane riƙo da rashi ya fara: kafin wannan gida ya samu, wani gida ya rasa. Shehun kirki uba ne na ruhi ga muridinsa, amma ba ya ce masa ya manta mahaifinsa, shi ne ma mai tura shi ya je ya yi wa iyaye hidima. Wanda ya riƙi yaro don Allah alamarsa ke nan, ranar da yaron ya tashi neman asalinsa shi ne zai biya kuɗin jirgi.

Akwai tambayar da ta fi wannan ɗaci, wadda labarin Abeshe ya tono. Kalmar maraya ba abu ɗaya take nufi a kunnen kowa ba. A fiƙihu maraya shi ne wanda ya rasa uba kafin balaga, kuma yana iya kasancewa da uwa da kawunnai da baffanni cike da gida. Bature idan ya ji kalmar, yaro yake hangowa da ba shi da kowa a duniya. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. A Habasha, inda Amurkawa kaɗai suka ɗauki yara sama da 2,500 a shekarar 2010, an sami iyaye da yawa da suka sa hannu a takarda suna zaton irin riƙon da suka sani ne, yaro zai je ya yi karatu ya dawo. Kuɗin da iyali ɗaya ke kashewa wajen ɗauko yaro ɗaya yakan haura dala dubu 20, kuma inda irin wannan kuɗi ke yawo cikin matalauta ba a rasa dillalai masu ƙera marayu a takarda. Ɗan kaɗan daga cikinsa da ya isa uwar ta riƙe ɗanta. Bayan rahotannin maguɗi, da mutuwar wata yarinya ƴar Habasha a hannun masu riƙonta a jihar Washington a 2011, majalisar Habasha ta haramta ba baƙi yara a watan Janairu na 2018. Yarjejeniyar Afirka kan hakkin yara ta 1990 da ta birnin Hague ta 1993 duka sun ajiye fitar da yaro waje a bayan neman mafita cikin ƙasarsa, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kuma ta ambaci kafala da sunanta, ta ce a kula da asalin yaro da addininsa da harshensa wajen zaɓa masa gida.

Duk da haka kada a zarce. Akwai yaron da da gaske ba shi da kowa, akwai wanda danginsa ne abin gudu. Binciken da aka fara a gidajen marayun Rumaniya a shekarar 2000 ya nuna yaran da aka mayar cikin iyali, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidan marayu ƙwaƙwalwa da natsuwa. Gida, ko na wane launi ne, ya fi ɗakin da ma'aikata ke canjin aiki a kan jariri. Farar macen da ta tashi tsakar dare shekara goma sha takwas a kan yaron da ba ta haifa ba ta yi abin da da yawa daga masu sukarta ba su yi ba, kuma zalunci ne a haɗa ta da ɓarayin yara. Abin da ake nema a gare ta shi ne ta san cewa yaron ya zo da mutanensa a jikinsa, rayayyu da matattu, kuma gidanta sai ya faɗaɗa ya ɗauke su, maimakon a rage yaron ya shiga gidan.

Laifi tudu ne. Riƙon ƙasar Hausa ya kiyaye sunan uba, amma sau nawa ya kiyaye sauran? Ƴar riƙon da aka ɗauko daga ƙauye ta zama ita ce mai talla da wanke-wanke, ƴaƴan gida suna lakwal, an san ta a kowace unguwa. Jaririn da aka tsinta a bakin kwalbati, wanda fiƙihu ya ce ɗa ne mai ƴanci kuma ɗaukarsa wajibi ne a kan al'umma, yakan girma ana jifansa da kalmar da ba shi ya jawo ta ba, ranar neman aure kuma a tono. Shari'a ba ta ba ɗan riƙo gado ba, amma ta buɗe ƙofar kyauta tun da rai, da wasiyya har sulusin dukiya, da shayarwa cikin shekara biyu wadda ke mai da shi muharrami a gidan, sai dai kaɗan ne ke shiga waɗannan ƙofofi kafin mutuwa ta zo magada su nuna wa yaron hanya. Musulmin da ke zaune a Turai da Amurka kuwa, da yawa sun ji an ce tabanni haramun ne sai suka nade hannu, ƴaƴan musulmi baƙaƙe na jira a hannun hukuma ba mai zuwa. Abin da aka hana shi ne ƙaryar nasaba. Kula da maraya kuwa shi ne aikin da aka yi wa mai shi albishir da maƙwabtakar Annabi (S.A.W) a Aljanna.

A shekarar 1967 wata ɗaliba ƴar Habasha ta haihu a arewacin Ingila. Ta nemi a riƙe mata jaririn na ɗan lokaci har ta gama karatu, ta ƙi sa hannu a ba da shi har abada. Ma'aikacin hukuma ya miƙa shi ga wasu fararen iyali masu riƙo da addini, ya ce su ɗauke shi kamar nasu, ya kuma laƙaba masa sunan kansa, Norman. Yaron ya tashi yana kiransu uwa da uba, a garin da da wuya ya ga mai kama da shi. Yana shekara 12, bayan sun haifi nasu, suka mai da shi hannun hukuma suka yanke hulɗa da shi, ya ƙare ƙuruciyarsa daga wannan gidan yara zuwa wancan. Sai da ya kusa fita daga hannun hukuma aka ba shi takardar haihuwarsa, tare da wata wasiƙa da mahaifiyarsa ta rubuto tun 1968 tana roƙon a nuna mata yadda za ta karɓi ɗanta, tana son ya tashi cikin mutanensa. Yana shekara 21 ya same ta a Gambiya tana aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya zama sanannen marubucin waƙoƙi, aka zaɓe shi uban Jami'ar Manchester a 2015, a shekarar ce kuma ya karɓi fayil ɗinsa daga hukuma bayan ya shafe kusan shekara 30 yana nema, daga baya hukumar ta ba shi haƙuri da diyya. Sunan da ya gani a takardar haihuwar, wanda uwarsa ta raɗa masa kuma ba wanda ya taɓa kiransa da shi duk tsawon ƙuruciyarsa, shi ne Lemn Sissay. A harshen Amharik na Habasha, Lemn yana nufin: don me?